Haɗa adakar barguna da katako mai ƙarfi

Adaka allo shida ce kawai: gaba, baya, gefe biyu, gindi da murfi. Duk da haka, da yawa daga cikin waɗanda aka haɗa da damina ba sa kai ƙarshen hunturu sai ka ga murfi ya lanƙwashe ko gefe ya tsage. Dalilin ɗaya ne. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan motsi a faɗinsa yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Duk shawarar da za ka yanke a wannan aiki, daga sayen falanki har shafa banish, ka yanke ta da wannan a ranka.

Ma'aunin da ya dace da ƙarshen gado shi ne tsawo santimita 100, faɗi 45, tsayi 50, katakon kuma ya zama kaurinsa milimita 20 bayan an goge. Wannan zai ɗauki manyan barguna huɗu ko biyar, kuma mutum zai iya zama a kai ya sa takalmi. A kasuwar katako falanki yakan zo inci 1 a kauri, inci 12 a faɗi, ƙafa 12 a tsawo. Zagayen adakar santimita 290 ne, don haka falanki ɗaya zai zagaye ta sau ɗaya, biyu su ba ka jikin gaba ɗaya. Na uku na murfi ne da sandunan ƙarƙashinsa, na huɗu na ƙafa da sandunan ciki. Sayi biyar, domin ba a rasa ƙulli ko tsaga a baki. Gindi kuwa filawud mai kauri milimita 12 ya isa.

A ganina loko ya fi dacewa, saboda motsinsa kaɗan ne kuma gara ba ta cika kama zuciyarsa ba. Yana da aibi biyu: wani lokaci akan tarar da tsakuwa a cikinsa mai dakushe bakin ƙarfe, sannan ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, saboda haka kada ka goge shi ba takunkumi. Kawo ya fi shi tsayuwa wuri ɗaya amma nauyi gare shi, sai mutum biyu sun kama. Maɗaci yana da kyawun ja, sai dai jijiyarsa a sarƙe take, in wuƙar injin goga ba ta da kaifi sai ta riƙa fizgo nama. Madobiya ta fi su duka kyau, amma an sare ta har ta yi ƙaranci, tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin dokar CITES, yarjejeniyar duniya mai kayyade cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ko wanne ka ɗauka, yanke farin gefen nan na kusa da ɓawo ka jefar. Nan ne ƙwaro yake shiga, bayan wata kaɗan ka fara ganin gari kamar na masara a ƙasan adaka.

Mai katako zai ce maka ya bushe. Kada ka dogara da bakinsa. Yawancin loko daga kudu ake kawo shi, kuma abin da ya bushe a Benin ɗanye ne a Kano. Jera falankan a inuwa, ka sa 'yan sanduna masu kauri santimita 2 a tsakaninsu, tazarar santimita 40, kowace sanda daidai saman ta ƙasa, ka ɗora bulo a kai. In kana da na'urar auna laimar katako, jira ta sauka zuwa kashi 8 zuwa 10. In babu, yanki guntu ka riƙa auna nauyinsa kowane mako. Ranar da ya daina raguwa, ya shirya. Kada ka shanya a rana don sauri, bakinsa zai tsattsage.

Ga lissafin da ya sa ake wannan wahala. Idan laimar iska tana kashi 20, kamar lokacin hunturu, katako yakan tsaya a kusan kashi 4 zuwa 5. Idan ta kai 75, kamar tsakiyar damina, yakan hau zuwa kusan 14. Murfi mai faɗin santimita 48 zai iya buɗewa ya rufe da milimita 4 zuwa 7 tsakanin lokutan biyu. Ba gam ko ƙusar da za ta hana shi. In ka matse shi, tsagewa zai yi.

Bayan an goge, sai haɗa alluna biyu-biyu su ba da tsayin santimita 42. Bakunan da za su haɗu su miƙe sosai: ɗora ɗaya kan ɗaya ka duba ta haske, in haske ya ratsa, koma ka gyara. Farin gam irin Top Bond ya wadatar. Loko da kawo suna da ɗan maiƙo, don haka goge bakin da tsumma mai tina mintuna kaɗan kafin shafa gam. Sa abin matsi uku a ƙasa, biyu a sama, don kada allon ya yi doro, ka bar shi ya kwana. Ka lura jijiyar dukkan alluna huɗu ta kwanta tana zagaye adakar. Masu gaggawa sukan tsayar da jijiyar gefe tsaye don su tsimi katako, sai gaba ya riƙa motsi sama da ƙasa, gefe yana tsaye, kusurwa ta ɓalle.

Kusurwa ita ce wurin da mai yi don sha'awa ya kamata ya ɓata lokacinsa. Haɗin haƙora mai faɗin baki, irin wutsiyar kurciya, shi ne mafi ƙarfi, domin ko gam ya saki allon gefe ba ya zarewa ta gefe. A katako mai ƙarfi gangaren haƙori ɗaya cikin takwas ne. In ya fi haka kwanciya, kusurwar haƙorin karyewa take. Haƙora bakwai ko takwas sun isa kowace kusurwa. Yanke na allon gaba da baya tukuna, ka ɗora shi kan bakin allon gefe, ka zana da bakin wuƙa maimakon fensir, saboda kaurin layin fensir kaɗai ya isa ya bar rami. Zarto ya bi gefen da za a jefar, ya bar layin. Wajen sassaƙe tsakani, ci rabi daga wannan fuska, juya ka ci rabi daga waccan, in ba haka ba bayan zai ɓantare. Haɗin da ya yi daidai yana shiga da ɗan bugun guduma ta katako. Wanda sai an narke shi da ƙarfi, ciro shi ka rage.

Gwada haɗa komai ba gam da farko. Ranar shafa gam kuma ka yi da sassafe, domin a zafin rana yakan fara kamawa cikin minti biyar, kafin ka gama kusurwa ta uku. Da ka matse, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In tef ya nuna lamba ɗaya, adaka ta zauna daidai.

Gindi ba wuya. Ɗaura sanduna masu santimita 2 a kan 2 a ciki ta ƙasa, ka ɗora filawud a kai. Ƙafa kuma firam ce mai tsayin santimita 8 da ta ɗan shige jikin, wadda za ta ɗaga adakar daga siminti don ruwan mofa da danshi.

Murfi ya zama santimita 103 a kan 48, ya ɗan fito gaba don hannu ya samu makama. Shi kaɗai ne ba abin da ya riƙe shi ta gefe huɗu, shi ya sa yake fara lanƙwasa. Sa sanduna uku a ƙarƙashinsa, masu santimita 5 a kan 2, a gicciye. Kada ka shafe su da gam. Sukuru na tsakiya ya shiga rami daidai da shi. Na baki biyu kuwa a yi musu rami mai tsawo, kamar santimita ɗaya, a sa wosha, don murfi ya zame a kansu idan ya kumbura. Huda ramin jagora kafin kowane sukuru. Na tagulla yana da laushi, kansa kan tsinke a cikin kawo, don haka fara tura na ƙarfe ya buɗe hanya, ka shafa wa na tagullar kyandir. Hinji uku sun isa, ko dogo guda ɗaya mai bin tsawon baya.

Murfin nan zai kai kilo shida ko bakwai, kuma yara suna son shiga adaka su ɓuya. Sa masa mariƙi mai tsayar da shi a duk inda aka sake shi. Sarƙa hana shi faɗawa baya kawai take yi. Kada ka sa makulli mai kulle kansa. A Amurka, a 1996, kamfanin Lane ya yi shelar sauya makullan adakoki kusan miliyan 12 da ya ƙera tsakanin 1912 da 1987, bayan yara sun shiga, murfi ya kulle, numfashinsu ya ƙare. Rage bakin allon gaba da santimita ɗaya da rabi a tsakiya, ka bar kusurwoyi kawai su taɓa murfi. Iska za ta shiga, yatsa ba zai matse ba, bargo kuma ba zai yi fumfuna ba.

Goge da samfefa lamba 80, sannan 120, sannan 180, kullum kana bin jijiya. Shafa banish sau uku, kana ɗan gogewa da 320 a tsakani. Murfi ya sha shafi daidai sama da ƙasa, domin fuskar da aka bari tsirara ta fi saurin shan laima, sai ta janye ɗayar. Cikin adakar kuwa kada mai ya taɓa shi: a rufaffen wuri warinsa ba ya fita, zai kama barguna shekara da shekaru. Bar shi haka, ka jefa kafur a ƙaramar jaka. Tsumman da ka shafa mai da su, baza su a waje su bushe kafin ka zubar, domin in an dunƙule su wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu.