Gidan hayar ɗalibai a Rijiyar Zaki

Gidan da na saya gidan gado ne, ɗakuna shida da tsakar gida, kuma kusancinsa da sabon matsugunin Jami'ar Bayero ne ya ja ni. Dillali sai cewa yake, "Alhaji, ai ɗalibai ba sa ƙarewa." Duk da haka ban ba da ko sisi ba sai da na ga takardar rabon gado daga kotun Shari'a, magada duka suka sa hannu a gaban mai unguwa, lauya kuma ya je KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ya duba fayil ɗin filin. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, don haka sauya suna a takardar mallaka sai da amincewarsa, kuma da kuɗinta. Ga la'ada, ga kuɗin lauya. Hayar shekarar farko can ta tafi.

Ɗaliban kuwa sun ƙare a 2022. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai Oktoba. Waɗanda hayarsu ta ƙare a tsakani ba su sabunta ba, ba su kuma kwashe kaya ba. Kowa ya danna kwaɗo ya tafi garinsu, wani Gombe, wani Lakwaja. Ɗaki ba kuɗi, kuma ba dama ka ba wani, don katifar yaro da littattafansa na ciki. In ka kira uban, ya ce a yi haƙuri har a koma, kuma gaskiyarsa ce. Tun daga nan na ware ɗakuna biyu na ba ma'aikata marasa iyali, na kuma rubuta a yarjejeniya abin da za a yi da kayan wanda wa'adinsa ya cika ba ya nan, da sa hannun wanda ya tsaya masa.

Abin da ya fi cin riba shi ne gyara. Haya sau ɗaya ake karɓa a shekara, kayan gini kuwa ba sa jiran shekara. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, alhali ni kuɗin bara ne a hannuna. Yanzu da zarar haya ta shigo sai in cire kashi ɗaya cikin biyar in mayar da shi kwano, fenti da bututun ruwa in ajiye. Ban da siminti, shi in ya jima daskarewa yake. Rufi kuma a watan Afrilu nake sa kafinta ya hau, kafin ruwan farko ya nuna mana ƙofofin a jikin silin. Yasar shadda da ƙonewar injin burtsatse ba sa sallama kafin su zo.

Rigimar wuta ce ta fi gajiyar da ni. Mita ɗaya, mutum shida, kowa na rantsuwa ba shi ke kunna hita da asuba ba. Da na sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa, kiran dare ya tsaya.

'Yan uwa kuwa na daina ba su haya. Wanda ya matsu, gara in taimaka masa da wani abu ya kama ɗaki a wani gidan, don ba zan iya kai ɗan yayata gaban mai unguwa kan kuɗin wata shida ba.