Gilashin da ya cinye min babur

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya same ni a shago a Sabon Garin Zariya, jikinsa har rawa yake, ya miƙo min waya. Hoton idon ƙuda ne ya cika allon, ɗigo-ɗigo a jere kamar saƙar zuma.

"Kawu, irin wannan zan riƙa ɗauka. Na samu gilashin kyamarar wajen wani a Legas, yau zan tura masa kuɗi."

Na ce in ga sunan gilashin. Canon MP-E 65mm. Sai da na ajiye wayar na kurɓi ruwa, domin shi ne gilashin da na sayar da babur ɗina na saya a 2013.

Lokacin hoton biki nake yi, da na ɗalibai a Samaru ranar yaye su. Wani ɗalibi mai bincike a kan wake ya ce in ɗaukar masa ƙwaron nan da ke huda wake a buhu, wanda bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Na ɗauka, ya fito kamar ɗigon biro a tsakiyar takarda. Ya duba, ya yi godiya, bai karɓa ba. Kunyar nan ce ta kai ni intanet, na ga gilashin da aka ce yana girmama abu har sau biyar, alhali yawancin gilasan makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, a 1:1 suke tsayawa. Lissafina bai wuce na ɗan firamare ba: biyar ta fi ɗaya.

1:1 na nufin abu mai tsawon santimita ɗaya zai zauna a kan sensar kyamara, wato farantin da hoto ke sauka a kai a cikinta, da tsawonsa na santimita ɗaya. Yawancin gilasan makro nan ne iyakarsu, shi kuwa daga nan yake farawa, kuma ba ya ganin abin da ya wuce kimanin santimita 10 daga bakinsa. Faɗin sensata milimita 22 ne, don haka ko malam-buɗe-mana-littafi ba ya shiga hoton gaba ɗayansa, balle amarya. Ranar da ya iso na ɗaga shi na auna uwargida tana tankaɗe a tsakar gida, ban ga komai ba sai hazo. Na kira mai kayan na wanke shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Alhaji, haka aka ƙera shi."

Zan iya kare kaina, kuma na sha yin hakan. Wa zan tambaya a lokacin? Sai ka biya kuɗin awa a shagon intanet kafin shafi ɗaya ya buɗe. Gilashin kuma ba na banza ba ne, tun 1999 Canon ta fito da shi, ƙwararru na ji da shi. Amma in za a bi gaskiya, an gaya min. Wani dattijo mai hoto a Tudun Wada ya ce, "Yaro, fara da zobe tukuna," wato zoben da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Na fito ina cewa a raina tsoho ne, ba ya son a wuce shi. Allah ya jiƙansa, har ya rasu ban koma na ce masa ya yi gaskiya ba.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. A 1:1 hasken da ke kaiwa sensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, a sau biyar kuwa kashi ɗaya cikin 36. Ka leƙa kyamara da rana tsaka, ka ga kamar bayan magariba. Wurin da ke fita tas bai kai kaurin farce ba, in idon ƙwaro ya fito to ƙafarsa ta ɓace, ka ja numfashi kuma duka su ɓace. Ashe sai da filas, da ƙafa uku, da layin ƙarfe mai tura kyamara kaɗan-kaɗan. Kuɗi sun ƙare, babur ya tafi. Na riƙa shiga motar haya zuwa Samaru in taka zuwa bakin kogin Kubanni, in kwanta rub da ciki a ciyawa, masu wucewa na tambayar ko lafiya. Da hunturu ya shigo na riƙa sauya gilashi a fili cikin ƙura, sai na matse ƙofar haske zuwa f/16 in ga hoton ya yi tabo-tabo kamar mai ƙyanda. Duk da haka akwai hoton kan tururuwa guda ɗaya da na samu, har yau yana bango a shago, kuma ba na jin da wani gilashin zan same shi. Ka ga na sake komawa kare kai.

Bayan shekara biyu na sayar da shi da asara, na sayi Tamron 90mm na hannu. Shi ya ciyar da ni. Yana kaiwa 1:1, yana kuma ɗaukar fuskar mutum daga nesa. Masu aikin babbar riga a cikin birni suka fara kirana in ɗaukar musu aska takwas kusa-kusa, yadda mai saye daga nesa zai ga zare ɗaya-ɗaya ya tabbatar aikin hannu ne.

Na yi niyyar jera wa yaron shawara goma, ku ma masu karatu ku tsinta. Ban kai ba, don ina magana yana danna waya. Wannan hali na yaran yanzu yana ƙona min rai: mutum ba ya iya zama minti goma, amma yana son ɗaukar gizo-gizo, wanda sai ka yi awa a tsugune kafin ya yarda da kai.

Na ce masa kada ya sayi gilashi ko ɗaya. Ya nemi zobban nan uku da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, masu milimita 12, 20 da 36, ya haɗa da gilashinsa na 50mm, sun ishe shi wuce 1:1, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Ban rufe baki ba na ce zobe na sa mutum ya kusa goga wa ƙwaro gilashi a hanci, gara ya tara ya sayi wani tsakanin 90 da 105mm, ya samu tazarar kusan santimita 15, inuwarsa ba za ta kori abin ba. Sauran kuɗin ya sa a filas, ya yanko farar roba ta abinci ya rufa masa a fuska don haske ya yi laushi. Na ce ƙafa uku dole ce. Sai na tuna tawa ta shekara biyar a bayan ƙofa, don fara ba ta jiran ka kafa ƙarfe, na ce ya bar ta.

"Kawu, to wanne zan ɗauka? Ai ma waya tana yin makro yanzu."

Na danne abin da ya taso min. Na ce ya riƙe kuɗinsa, ya zo gobe in ara masa Tamron ɗin mu je Kubanni, bayan sallar asuba, lokacin ƙwari na manne da ganye da raɓa a jikinsu, sanyi bai sake su ba. Ya sosa ƙeya, ya ce ko za a iya mayar da shi ƙarfe goma.