Komawa Birnin Shehu da abokai

Wanda ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yakan ɗauka ya san Sakkwato, alhali galibi abin da ya sani bai wuce hanyar Dundaye da tashar mota da teburin mai shayinsa ba. Da muka shirya komawa ni da abokan karatuna bayan shekaru masu yawa, sharaɗinmu shi ne ba za a ɓata hutun ana zagayen tsofaffin ɗakunan kwana ba. Cikin gari za mu shiga.

Daga Zariya muka tashi da sassafe, ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara. Hanyar nan ta rana ce, kowa ya san halin da Zamfara ke ciki, don haka duk mai son tsayawa sayen wani abu sai muka ce ya bari sai an isa. Kuɗin mai da abinci kuwa a hannun mutum ɗaya muka tara su tun daga gida. Wannan ya raba mu da rigimar "bari in biya", "wallahi ba za ka biya ba", wadda ke iya cinye rabin awa a gaban mai tsire.

A Sakkwato rana ce ke tsara wa baƙo tafiyarsa. Tsakanin Maris da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ko da sanyi-sanyi muka je, daga azahar zuwa la'asar ba a yawon ƙafa. Mai masaukinmu, Basakkwace ne da muka zauna aji ɗaya, ya ce duk abin da za mu gani mu gan shi kafin hantsi ya dubi ludayi. Muka ajiye mota kusa da Kanwuri muka taka, domin fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Bello da Masallacin Shehu da Hubbare duk a tsohon gari suke, ba su da nisa da juna.

Hubbare ne ya fi riƙe mu. A nan gidan Shehu yake, a nan aka binne shi da ya rasu a 1817, shekara biyu kacal da ƙaurowarsa daga Sifawa. Na daɗe ina jin labarin jihadi kamar a Sakkwato aka yi komai, sai ga shi garin ma ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, bayan hijirar Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 da cin Alƙalawa a 1808. Shehu ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa, yana karantarwa da rubutu, mulki na hannun ɗansa da ƙanensa Abdullahi. Kabarin 'yarsa Nana Asma'u ma yana nan kusa da nasa. Mun tarar da masu ziyara har daga Nijar, maza da mata, da masu neman sadaka jere a bakin ƙofa, saboda haka mai zuwa ya tanadi canji, ya kuma sa takalmin da ba ya wuyar cirewa.

Wani dattijo ne ya zaga da mu. Ɗan Kanon cikinmu, wanda bakinsa ba ya shiru, ya tambaye shi: "Baba, to ina kabarin Bello?" Tsohon ya ce: "Yaro, sai ka tai Wurno." Can Bello ya yi ribaɗi, wato zaman tsaron iyaka, can ya rasu a 1837. Nan take gardama ta tashi, wasu na son a ɗauki hanya, ni kuwa na ƙi. Gajeren hutu ba ya ɗaukar a haɗa Wurno da Sifawa da Gwandu a rana guda, ƙarshenta a ga ko'ina ta tagar mota. Muka bar Wurno.

Lokacin da muka rage shi muka kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Ma'aikatar gwamnati ce, gara a nufe ta ranar aiki. Akwai makamai da kayan sarauta, amma ni tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne suka tsayar da ni, na Larabci da na ajami. A ganina duk wanda ya zo Sakkwato neman dogayen gine-gine zai koma yana gunaguni, don arzikin garin a takarda yake. Da yamma muka bi ta Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Gari ya riga ya cinye wurin, in ba a faɗa maka ba wucewa za ka yi.

Garin kam ya faɗaɗa. Wajajen Arkilla da Mabera da na bari da filaye yanzu gidaje ne, sababbin gadojin sama sun canza mini hanya har sai da 'yan kabu-kabu suka riƙa yi mana kwatance.

Ranar komawa muka shiga wurin dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake ke haurawa da ita Sahara a da, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ɗan Kano ya taya wani filon fata da rabin kuɗinsa, badukun ya dube shi ya ce: "Alhaji, albarka. Wanga ba kayan kanti na ba." Sai da mai masaukinmu ya sa baki da Sakkwatanci sannan aka daidaita. Muka ƙara da kilishi da buhun albasa, wanda warinsa ya sa muka yi tafiyar komawa gilasai a sauke har Gusau.