Shekara huɗu ina neman sunan ciwon bayana

Ni tela ne. Ciwon ya kama ni a goman ƙarshe na wani azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ya yi mana rubdugu har muna kwana a shago. Almakashi ya faɗi ƙarƙashin keke, na sunkuya zan ɗauka, sai ƙugu ya riƙe kamar an kafa min ƙusa. Ina ɗan shekara 27 a lokacin. Ƙannena masu yini a kan keke ko babur ko gaban kwamfuta, ku saurari wautar da na tafka.

Mai ciwon baya ba ya rasa likita a unguwa. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya hau baya, gwaggona kuwa ta rantse hannu aka sa min don shago ya fara ciniki. Kowa na bi. Na sha jiƙe-jiƙe har na daina tambayar abin da ke cikin gora. Wanzami ya yi min ƙaho, kuma ba zan ci amanarsa ba, nakan ji sakayau kwana biyu ko uku. Laifina shi ne na ɗauki wannan sauƙin a matsayin warkewa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai na'ura. Wani ɗan shago ne da labule, ga kwamfuta a kan tebur. Ya miƙo min wani guntun ƙarfe mai waya, ya ce in damƙe minti ɗaya. Sai ga takardu sun fito da ja da kore: wai ƙoda ta gaji, hanta ta yi datti, ƙashi ya zaizaye. Maganin duka kuma yana cikin durowarsa. Kuɗin ɗinkin wata guda na ajiye masa. Ƙarfen da aka riƙe a tafin hannu ba ya ganin ƙashin baya. Duk wanda ya shiga shagon nan da cuta zai fito, ko da lafiyarsa ƙalau.

Daga nan na faɗa wa haɗin kemis, ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda, babu suna babu kwali. Daga baya na gane akwai diclofenac da tramadol da dexamethasone a ciki. Fuskata ta yi suntum, mutane na cewa na samu kuɗi. Ƙarshenta gyambon ciki na samu, ga tramadol ɗin da sai da na yi da gaske kafin na rabu da shi. Na kuma sayi bel na ɗaure ƙugu, da ciwo ya motsa in kwanta kwana biyar. Ashe kwanciyar ƙara sandarar da bayan take yi, tana raunana naman da ke riƙe shi.

Da na je asibiti a ƙarshe, na zaci kai tsaye hoto za a ɗauka. Likitan ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ya ɗaga ƙafata a miƙe, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya yi ta tambaya kan fitsari da zazzaɓi. Na matsa sai an yi min MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, ya bayyana min cewa mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauke su hoto za a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan turo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya jingina shi ga wata cuta guda, kuma a jagorar da ta fitar a Disambar 2023 ta fifita motsa jiki da fahimtar ciwon, ta hana dogaro da bel da ƙwayoyi dangin tramadol. Sunan da na yi shekara huɗu ina farauta, babu shi.

Amma tambayoyin likitan nan ba na banza ba ne, ku riƙe su. In fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka ko fitsarin ya ƙi fita, in tsakanin cinyoyi ya mutu, in ka fara jan ƙafa, ranar nan za ka tafi asibiti, ba gobe ba. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, ƙaho kuma ba ya taɓa shi.

Yanzu ba na wuce rabin awa a kan keke ban miƙe ba. Na sa kafinta ya ƙara wa teburin yanka tsawo don in daina duƙawa. Bayan Asuba ina taka ƙafa minti 30, in dawo in yi 'yan atisayen da mai gashin ƙashi ya koya min a kan tabarma. Ranar da ya motsa, musamman da hunturu, in gasa shi da tawul da ruwan ɗumi, in kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, washegari in fito shago. Bana tun ashirin ga azumi na daina karɓar ɗinki, masu kaya suka yi ta mita, wasu ma suka kai wa maƙwabcina.