Jan tabo a titin Sarayebo

Ƙafafuna sun yi tsami. Waya ta ce na yi taku 21,000 yau, kuma rabinsu hawa ne, don garin nan, Sarayebo babban birnin Bosniya, a cikin kwari yake, duk inda ka juya tudu ne ke kallonka.

Da safe garau nake. Na gangaro Bashcarshiya, tsohuwar kasuwa, tun ba a gama buɗe shaguna ba. Tattabaru sun cika gaban Sebil, rumfar katakon nan mai famfon ruwan sha, kamar an watsa musu gero. Ummi ta ce kada in kuskura in dawo ba hoto da su, to na cika umarni. A layin maƙeran tagulla na sayo wa Abba biro da aka ƙera da kwanson harsashi. Har ciniki na yi, mai shagon ya rage min maka biyu a kuɗinsu, na fito ina jin kaina ɗan Kurmi.

A harabar masallacin Gazi Husrev Beg, wanda aka gina wajen 1531, na ɗaga kai na ga agogon hasumiya ya saɓa da nawa nesa ba kusa ba. Na ce a raina ashe ba mu kaɗai ke barin agogo ya mutu a bango ba. Ashe ni ne baƙauye. Ƙarfe 12 nasa faɗuwar rana ce, kuma akwai mai hawa yana saita shi saboda magariba ba ta tsayawa wuri ɗaya. Allah ya taimake ni ban faɗa a fili ba.

Abincin rana cebapi, 'yan mulmulallen gasasshen nama guda 10 a cikin gurasa da ɗanyar albasa. Yaya Sani zai ce tsire ne da aka hana ƙuli. Ya yi daɗi dai.

Bayan azahar na bi titin Ferhadiya, inda gine-ginen Turkawa ke ƙarewa na Ostiriya su ɗauka, har akwai layi da aka ja a ƙasa. A gaban babban cocin Katolika ina ja da baya don hasumiyoyin biyu su shiga hoto, sai wani dattijo mai ledar burodi ya taɓa min kafaɗa ya nuna ƙasa. Na duba, ina tsaye a kan wani jan tabo, rami a tsakiya da ƙanana a warwatse kewaye da shi, kamar an fasa ƙwaryar manja. Da guntun Turancinsa ya ce nan harsashin igwa ya faɗo lokacin yaƙi, aka cike gurbin da jan danƙo. Fure suke ce masa, furen Sarayebo.

Na san labarin a takarda. Sojojin Sabiyawan Bosniya sun yi wa garin ƙawanya daga kan tuddan nan tun 1992 har 1996, kwana 1,425. Kasuwar Markale tana nan kusa, harsashi ɗaya ya kashe mutum 68 a cikinta ran 5 ga Fabrairu 1994. Duk na karanta a jirgi. Amma takalmina ne a kai.

Na yi tsalle gefe ina ta ba da haƙuri. Ya yi dariya.

"Tsaya abinka, ɗana. Mu ma takawa muke yi, ta nan nake zuwa sayen burodi kullum. Na ga sama kawai kake kallo, shi ya sa."

Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ban san abin da ya ja bakina ba, na ce masa, Baba, mu ma mun gani. Na ba shi labarin Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, da bam ya tashi a babban masallacin ƙofar gidan Sarki ana tsaka da salla. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "To me kuka sa a wurin?"

Na yi shiru. Can na ce mun yi jana'iza, an wanke wurin, an ci gaba da salla. Ya jinjina kai, ya sauya wa ledarsa hannu, ya yi min sallama ya wuce.

Tambayar ce ta hana ni sakat har yanzu. Ba da gatse ya yi ta ba, na tabbata. Amma sau nawa na ratsa ta gaban masallacin nan a Adaidaita, ko sau ɗaya ban taɓa duban ƙasa ba. Kawu Bala yana sahu a ranar, kunnensa na hagu bai sake ji ba, kuma a gida ba mai tada zancen. In ka zauna masa ta hagu sai Hajiya ta yi maka nuni da ido ka zagayo, shi ke nan. Mun kira shi tawakkali, kuma na yarda tawakkali ne. Sai dai yau na kasa rantsewa cewa babu tsoron tunawa a ciki. Su kuma nan sun shafa ja suna takawa da safe. Wa ya fi wani? Dattijon bai ce ba.

Sauran yinin a sama-sama na yi shi. Gadar Latin, wadda a bakinta Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya Franz Ferdinand a 1914 yaƙin duniya ya biyo baya, 'yar ƙarama ce, kogin ma ka ce rafi. Gahawa a 'yar butar tagulla, ɗaci. Ban kira kowa ba.

Dab da magariba na hau ganuwar da suke kira rawaya, ta cikin maƙabartar Kovaci. Fararen duwatsu sahu-sahu, 1992, 1993, 1995. Da yawa ba su kai shekaruna ba. Kiran salla ya tashi daga ko'ina a kwarin, na tuna agogon can yanzu yake buga 12.

Biron Abba yana cikin jaka a naɗe da jarida. Na fito da shi sau biyu na mayar. Gobe motar Mostar da sassafe.