Abin da ungulu ta koya min a shekarar ƙarshe ta karatu

Da can in aka ce min wata dabba ta ƙare a duniya, hoton da ke zuwa min a rai shi ne mafarauci da bindiga, ko masu fasa-ƙwaurin hauren giwa, shikenan. Kuma gaskiya suna da nasu kason, ƙahon karkanda da ake kashe ta dominsa sinadarinsa ɗaya da farcen hannunmu, amma saboda shi farar karkanda ta arewa yau saura mata biyu kacal a Kenya, namijin ƙarshe ya mutu a 2018. Wannan kowa ya sani.

Abin da ban sani ba sai da malamarmu ta ba ni aikin bincike kan ungulu. Wallahi da farko ban ji daɗi ba, abokaina sun samu zaki da giwa ni kuma aka haɗa ni da mai cin mushe. Na ce mata, Malama ko za a canza min? Ba ta ce komai ba sai ta juyo min da kwamfutarta, hoton cikin wata ungulu ne da aka feɗe, hanta da zuciya da ƙoda duk sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu garin alli. Ta ce je ki nemo min wanda ya kashe ta.

Sati biyu ina karatu kafin in gane cewa babu wanda ya yi niyyar kashe ta, kuma nan ne abin ya taɓa ni. A Indiya da Pakistan da Nepal ungulu sun kai miliyoyi, sai a shekarun 1990 suka fara faɗowa daga bishiya, wuya a langaɓe, ba wanda ya san dalili, an zargi annoba an zargi maganin ƙwari, sai wajen 2003 masu bincike a Pakistan suka gano ashe diklofenak ne, maganin ciwon jiki mai arha da ake yi wa shanu allurarsa. Makiyayi ya ga saniyarsa na ɗingishi ya tausaya mata ya sa an yi mata allura, in ta mutu maganin na jikinta, ungulu ta sauka ta ci, cikin 'yan kwanaki ƙodarta ta tsaya. Farin abin nan da na gani a hoto dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ne ya daskare a kan kayan ciki. Wani nau'in ungulun, mai farin baya, ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari a Indiya tsakanin 1992 da 2007.

Lissafin ne ma ya fi ba ni tsoro. Ba sai duk mushen ya gurɓace ba, ko da ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da maganin ya isa, saboda ungulu taron dangi suke yi wa mushe, saniya ɗaya sai ta ciyar da garke guda. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Na zauna ina buga lambobin nan a kwamfuta ina sake bugawa ko na yi kuskure, layin yawan ungulun dai ƙasa yake yi.

A nan na daina yarda da maganar "ai suna da yawa". Wata tattabarar daji a Amurka biliyoyi ce a da, garkenta kan rufe rana, aka sare dazukanta, jirgin ƙasa ya riƙa kwasar namanta zuwa birane, ta ƙarshe mai suna Martha ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914.

An ce ungulu ba ta jewar banza, to da ta daina jewar ne aka san aikinta. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙara samun hanyar shiga mutane. Ni da na raina ta a ofishin malama sai ga ni ina jin zafi in an kira ta ƙazama.

A 2006 ƙasashen uku suka hana amfani da diklofenak ga dabbobi, aka kuma samu meloksikam wanda yake aiki iri ɗaya bai cutar da ungulu. Amma fa mutane suka koma sayen diklofenak na 'yan Adam a manyan kwalabe suna yi wa shanu, sai da Indiya ta taƙaita girman kwalbar a 2015. Yanzu a garin Pinjore na Indiya ana kiwon ungulu a killace ana sakinsu kaɗan-kaɗan, kuma kafin a saki ko ɗaya sai an bi shagunan maganin yankin da mushen da ke wurin an tabbatar diklofenak ba ya yawo. Ranar da na miƙa aikina malama ta tambaye ni, to wa ya kashe ta? Na daɗe a tsaye, sannan na ce mata mutumin da yake son saniyarsa ta warke ne.