Tukunyar da muka saya a Dang

Ranar da na tsallaka gadar Ngeli daga Injamena zuwa Kuseri, da jaka ɗaya da takardar bakaloriya ta kammala sakandare, ban ɗauki kaina mai tafiya ƙasar waje ba. Kuɗinmu ɗaya, sefa. Faransancin da na yi makaranta da shi, da shi ake karatu a Jami'ar Ngaundere. Musulmi ga su nan ko'ina. Kakata ma cewa ta yi, "Kamaru ai tsallaken ruwa ce, ko tari ka yi za mu ji."

Sanyi ne ya fara ƙaryata mu. Bayan Marwa da Garwa mota ta kama hawa, ashe garin Ngaundere yana bisa tudun Adamawa, fiye da mita 1,000 sama da teku. Ni da na saba kwana a tsakar gida lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sai ga ni a layin 'yan gwanjo ina neman rigar sanyi. Damina kuwa daga Afrilu har Oktoba, ka yi shanya kwana biyu ba ta bushe ba. A makon farko na je tasha don kawai in ga jirgin ƙasan da ke zuwa Yawunde, tunda mu a Cadi ba mu da layin dogo. Ban faɗa wa kowa ba, kada a ce baƙauye.

A kasuwa Larabcin da nake taƙama da shi bai saya mini ko albasa ba, Fulatanci ke mulki. Sai da na iya "jam na" (lafiya?) da "useko" (na gode) masu kaya suka fara yi mini ragi. Wani dattijo mai tsire, Bahaushe haifaffen garin, shi ya zama ubana a can. Yakan yi dariyar Hausata ya ce rabinta Larabci ne, ni kuma in ce tasa ta sha nonon Fulani.

Duk waɗannan ba su dame ni ba kamar maƙwabcina.

Jami'ar tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, kuma yawancinmu a gidajen haya masu jerin ɗakuna muke, kowa da rishonsa a bakin ƙofa. Na kusa da ni Kirista ne daga Bafusam, a yammacin Kamaru. Yana gaisuwa, yana ara mini littafi. Amma in ya sauke tukunya sai ya shige ɗaki ya tura ƙofa. A gidanmu ko almajiri ne ya tarar da kai kana ci, dole ka ce bismilla. Wanda bai faɗa ba har ya mutu ana ba da labarinsa. Ni kuwa in na tuƙa tuwo da miyar kuɓewa sai na ƙwala wa duk gidan kira. Shi bai taɓa zuwa ba. Na yanke masa hukunci biyu: rowa da girman kai. Har ƙaramin littafin da yake rubuta kuɗin gishiri da kalanzir na sa a cikin shaidu.

Wata huɗu ina riƙe da wannan. Da na kai ƙara wurin dattijon, bai ko ɗaga kai daga naman da yake juyawa ba.

"Ɗana, ka tambaye shi?"

"Baba, a tambayi mutum me ya sa bai ba ka abinci ba? Ai roƙo ne."

"To zauna da zato, shi ma abinci ne."

Na daure na tambaya, cikin wasa. Yaron nan ya yi shiru, sannan ya ce tukunyarsa ta taɓa dafa naman alade, kuma an gaya masa tun kafin ya taho arewa cewa miƙa wa Musulmi irin wannan abinci cin mutunci ne. Ƙofar da yake rufewa, don kada ƙanshin ya dame ni ne. Kiran da nake yi kuwa, ya ɗauka ni ɗan wani attajiri ne mai nuna arziki, kuma yana jin nauyin ya ci nawa alhali ba shi da halin ramawa. Ni da kuɗina ke ƙarewa tun ashirin ga wata!

Kunya ta kama ni, don duk tsawon lokacin nan yana kiyaye addinina ne, ni kuma ina cin namansa a bakin tukubar tsire. A aji an koya mana kada mu yarda da sakamako sai mun gwada, amma a ƙofar ɗakina na kasa yin tambaya ɗaya. Tun daga nan, in baƙo ya yi abin da ya ɓata mini rai, nakan fara tunanin me aka gaya masa game da mu kafin ya zo.

Ranar Asabar muka haɗa kuɗi muka sayi sabuwar tukunya, da sharaɗin naman daga wurin Baba zai fito. A cikinta na fara cin ndole, miyar shuwaka da gyaɗa, da curin rogon da suke naɗewa a ganye, wanda warinsa ya kusa korata a karon farko. Shi kuma ya koyi cin tuwo da hannu a kwano ɗaya da mutum biyar, ko da yake bai daina kukan muna saurin loma ba. Littafin nan da na raina, shi ya sa na shiga adashensu na mako-mako, kuma da kwasata na biya sefa 50,000 na rajista a shekara ta biyu, lokacin da saƙon gida ya yi jinkiri.

Da muka gama, mun yi gardamar wa zai tafi da tukunyar. A ƙarshe muka bar wa wani sabon ɗalibi daga Abeshe ta Cadi, wanda ya zo yana tambayar ina ake sayar da bargo.